Toka Ce Kawai, In Ji Masu Gardama

Ku matso kusa, masu gardama, yau da ku nake. Na san halinku sarai: ku ne in an ce hadari ya taso, sai kun fito tsakar gida ruwa ya jiƙa muku hula kafin ku yarda. To ga zancen da zai ba ku aikin yi. A Amurka, tokar da tashoshin wutar lantarki masu ƙona kwal suke zubarwa ta gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa a kusan duk tashar da aka tona aka auna. Toka dai, wadda kuka sani. Na hango wani dattijo can baya har ya gyara zama yana murmushi, yana cewa a ransa yau marubuci ya rasa abin rubutawa.

Bari in faɗi gardamar taku da bakina don kada ku wahala. "Haba malam! Toka? Da ita iyayenmu suka wanke tukwane, ita ake barbaɗa wa masai, da ita ake ajiye wake kada ƙwari su cinye, da ita ake sabulun salo. Har a miya muna shanta. Wa ta taɓa kashewa?" Madalla. Wannan batun na miya shi nake jira, kuma Hajiya ce za ta yi mini shaida, tunda ku sai dai a kawo muku a kwano ku ce gishiri ya yi kaɗan.

Hajiya, yaya ake ruwan toka? A ƙona karan gero ko na dawa, a zuba tokar a kwando ko tukunya mai huji, a kwarara ruwa a kai, a tara kwano a ƙasa. Ruwa ya shiga fari tas, ya ɗigo da launi da ɗanɗano mai cizon harshe, har ya iya tsayawa a madadin kanwa. Ruwan ya ratsa tokar, ya kwaso gishirin da ke cikinta. Duk macen da ta taɓa tatar toka ta riga ta haddace darasin da manyan kamfanonin wuta suka shafe shekaru suna yi kamar ba su taɓa ji ba: in ruwa ya bi ta cikin toka, ba ya fita hannu rabbana. Sauran magana biyu ce kawai, me ke cikin tokar, kuma wa ya tara kwano a ƙasa.

Karan gero ɗan damina ɗaya ne, abin da ke cikinsa bai wuce abin da ya tsotsa a gona ba. Kwal kuwa dutse ne, ragowar dazuzzuka da fadamun da ƙasa ta danne miliyoyin shekaru, kuma a wannan doguwar kwanciya ya tara ma'adinai iri-iri: asinik, dalma, zaiba, kadmiyom, kuromiyom, seleniyom, boron, kobalt, litiyom, har da ɗan radiyom. A ɗanyen kwal kaɗan-kaɗan suke. Amma in aka cinna masa wuta, abin da ke ci ya ci ya tashi sama, su kuwa akasarinsu wuta ba ta cinye su. Ɗauki kwal ɗin da kashi 10 cikin 100 nasa toka ne. In ka ƙona tan 10 za a bar maka tan 1, kuma duk abin da ya ƙi tashi daga tan goman nan yana dunƙule a cikin ɗayan. Lissafin 'yan firamare ne, Alhaji, ba sai ka kira akantanka ba.

Tokar iri biyu ce. Akwai mai nauyi da ke faɗowa gindin tanderu, akwai mai laushi kamar hoda da ke bin hayaƙi, wadda ake tarewa da matatu kafin ta fita ta bututu. Ita ta biyun ta fi sharri, domin yayin da hayaƙin ke hucewa, asinik da seleniyom suna mannewa a bayan ƙwayoyinta, daidai inda ruwa zai fara lasa. Ga kuma abin dariya mai ciwo: duk lokacin da aka ƙara wa tasha ingancin matatar hayaƙi don iska ta yi tsabta, abin da aka kama ba ya ɓacewa, shara yake komawa, a nemi inda za a zuba. Shekara da shekaru hanyar da ta fi araha ita ce a dama tokar da ruwa, a tura ta cikin bututu zuwa wani makeken kududdufi da aka kewaye da jingar ƙasa. Ba leda a ƙasa, ba daɓen yumɓu, ba komai. Kuma da yake tashar kwal tana buƙatar ruwa mai yawa don sanyaya injina, kusan kullum a bakin kogi ko tafki ake gina ta, inda ruwan ƙasa yake kusa. Nauyin ruwan kududdufin yana danna abin da ya jiƙo zuwa ƙasa dare da rana. A shekarun da kwal ke tashe, Amurka tana fitar da fiye da tan miliyan 100 na wannan shara kowace shekara.

Yanzu wani zai ce, "To in da gaske ne, me ya sa ba mu taɓa ji ba?" Wa ya ce ba a ji ba? Ku ne dai kuna can kuna musun ƙwallo. Da tsakar daren 22 ga Disamba, 2008, jingar kududdufin toka ta tashar Kingston a jihar Tenesi ta ɓalle. Tashar ta hukumar TVA ce, mallakar gwamnatin tarayya. Taɓon toka galan biliyan 1.1 ya kwararo, ya rufe fili kimanin eka 300, ya ture gidaje, ya cika kogin Emory ya gangara kogin Clinch. Aikin kwashewa ya ci fiye da dala biliyan 1. A daren ba wanda ya mutu, kuma na ga mai gardama ya ɗaga yatsa zai ce "Ka gani ko?" Sauke yatsan, malam, ban gama ba. Leburori wajen 900 suka yi shekaru suna aikin kwasar tokar. Daga baya da yawansu suka shaida wa kotu cewa an hana su abin rufe hanci, kuma an gaya musu tokar ba ta da illa, ko cinta mutum ya yi ba komai. Kun ji irin maganarku a bakin wani ko? Ya zuwa 2018 fiye da 30 daga cikinsu sun rasu, ɗaruruwa suna fama da ciwon huhu da kansa da sauransu, kuma a watan Nuwamba na shekarar masu taya alƙali hukunci a kotun tarayya da ke Knoxville suka samu kamfanin Jacobs Engineering, wanda aka ba kula da aikin, da gaza kare lafiyarsu. Tokar da aka kwashe kuwa, wajen tan miliyan 4, jirgin ƙasa ya yi ta jigilarta zuwa wani juji kusa da Uniontown a jihar Alabama, garin talakawa, galibinsu baƙaƙen fata. Ba a kai ta unguwar masu hannu da shuni ba, kuma ban ji ɗayanku ya yi mamaki ba.

"Ai wannan tsautsayi ne," in ji dattijon nan na baya, "jinga ta fashe, ko madatsar ruwan sha ce za ta iya fashewa." Na yarda, Baba, kuma ma ba fashewa ce ta kawo ni ba. Ita fashewa tana da kirki ta wani fanni, don tana zuwa da ƙara, 'yan jarida su kawo kyamara, gwamna ya zo jaje. Wadda nake magana a kai ita ce tsiyayar da ba ta da ƙara, ta kududdufin da jingarsa ke tsaye daram, ciyawa kore shar a bayanta, tsuntsaye suna shawagi, alhali ta ƙasa yana ɗiga tun kafin a haifi wasunku.

Dalilin da ya sa aka daɗe ba a sani ba mai sauƙi ne: ba a auna ba. A 1980 majalisar dokokin Amurka ta amince da wani gyara da ɗan majalisa Tom Bevill na Alabama ya kawo, wanda ya cire tokar kwal daga dokar shara mai haɗari har sai an yi nazari. Nazarin nan ya yi tsawon rai. Sai a 2015, shekara 35 bayan haka, bayan Kingston ya kunyata kowa, hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta fitar da ƙa'idojin tarayya na farko kan zubar da tokar. Ko a nan ma ba ta kira ta shara mai haɗari ba. Amma ta yi wani abu guda da ya tona asiri: ta wajabta wa kamfanoni su haƙa rijiyoyin awo kewaye da kududdufansu, su riƙa ɗibar ruwa suna gwadawa, su kuma lika sakamakon a intanet kowa ya gani. A 2018 alƙaluma suka fara fitowa. Ƙungiyoyi biyu, Environmental Integrity Project da Earthjustice, suka tattara su, suka fitar da rahoto a watan Maris na 2019. Daga tashoshi 265 da aka samu bayanansu, 242, wato kashi 91 cikin 100, ruwan ƙasansu yana ɗauke da aƙalla guba ɗaya fiye da ma'aunin lafiya. Fiye da rabi asinik ne ya wuce ƙa'ida. A tashar San Miguel da ke kudu da San Antonio a Teksas, wadda ta zo ta ɗaya a wannan jarrabawar ta abin kunya, kadmiyom da litiyom sun ninka ma'auni fiye da sau 100.

Na san abin da ke bakinku: "'Yan rajin muhalli ne, ai sana'arsu ke nan, in ba su tsorata mutane ba ina za su samu tallafi?" Wannan harsashin ku ajiye shi don wata rana. Kamfanonin ne suka haƙa rijiyoyin, su suka ɗebi ruwan, su suka biya masu gwajin, su suka buga lambobin. 'Yan rajin tarawa kawai suka yi. In akwai wanda ya yi wa kamfani ƙazafi a nan, to kamfanin ne da kansa.

Ga ɗan boko ya miƙe, ya gyara tabarau. Shi gardamarsa da lasisi take. Ya ce rijiyoyin awon nan a cikin harabar tashoshin suke, dab da kududdufi, don haka samun guba a cikinsu bai nuna cewa wani yana shanta ba. Zauna, ɗan samari, ka ci maki, abin da kamfanonin ma ke faɗa ke nan, kuma gaskiya ne ba kowace tasha ce ta ɓata ruwan shan wani ba. Wasu kududdufan tsiyayarsu kogi take gangarawa ta narke. Sai dai ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katangar kamfani ba, kuma bai taɓa tsayawa a gaban maigadi ya nuna takarda ba. Tafiya yake a hankali, wani wuri 'yan mitoci a shekara, boron da gishirin salfet a gaba don su ƙasa ba ta riƙe su sosai, masu nauyin suna biye.

Ku tambayi mutanen Pines a jihar Indiyana, ƙauyen da mazaunansa ba su kai 1,000 ba. Tokar tashar kamfanin NIPSCO ta Michigan City aka yi shekaru ana jibgewa a wani juji da ke gefensu, fiye da tan miliyan 1, aka kuma yi cikon hanyoyi da filaye da ita. A farkon shekarun 2000 aka gwada rijiyoyin gidaje aka samu boron da molibdenom da sauransu fiye da kima, har sai da aka jawo wa gidaje da yawa ruwan famfo daga birni. Ko ku tambayi na Gambrills a jihar Maryland, inda kamfanin Constellation ya cika wani tsohon ramin haƙar yashi da tsakuwa da toka. Rijiyoyin maƙwabta suka lalace, aka je kotu, a 2008 aka sasanta kan dala miliyan 54. Kamfani ba ya fitar da irin wannan kuɗi don sadaka.

Na ji wata murya daga ɓangaren mata tana cewa, "Wai Amurka ma rijiya ake sha?" Ƙwarai kuwa, Hajiya, fim ne ya ruɗe ki. Fiye da mutum miliyan 40 a ƙasar daga rijiyar gidansu suke shan ruwa, kuma dokar tarayya ta ruwan sha ba ta kula da rijiyar gida. In ba kai ka ɗebi ruwanka ka kai gwaji ka biya ba, babu ma'aikacin da zai zo ya duba maka. Ko birni ma bai tsira daga fargaba ba. Memphis na shan ruwa daga wani shimfiɗaɗɗen yashi mai zurfi da mutanen garin ke alfahari da daɗinsa. A 2017 aka samu asinik fiye da ninki 300 na ma'auni a rijiyoyin awo marasa zurfi na tashar Allen, a daidai lokacin da TVA ke shirin zuƙar ruwa daga wannan zurfin don sanyaya sabuwar tasharta ta gas. Ruwan shan garin bai gurɓata ba, amma masana suka nuna cewa yumɓun da ya raba na sama da na ƙasa yana da ɓaraka, zuƙa mai ƙarfi kuma na iya jawo na saman ya sauka. Dole aka fasa, TVA ta koma sayen ruwa daga hukumar ruwan garin.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, to matsalar asinik ita ce ko tsamin ba ya yi. Ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda Amurka ma ke bi, maikurogiram 10 ne a lita ɗaya, wato kashi 10 cikin biliyan. Wane harshe ne zai ɗanɗano wannan? Kuma kai mai cewa "a tafasa mana," tafasa ƙwayoyin cuta take kashewa. Asinik ba shi da rai balle ya mutu. Ruwa ne zai ragu a tukunya, shi ya ƙara kauri. Aikinsa kuma ba na gaggawa ba ne. Wanda yake son ganin abin da yake yi wa jiki ya dubi Bangaladesh, inda asinik ɗin da ke cikin ƙasa tun asali, ba na toka ba, ya shiga rijiyoyin burtsatse na miliyoyin mutane. Shekaru ake yi ana sha lafiya ƙalau, sannan tabo ya fara fitowa a fata, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, daga baya kansar fata ko ta mafitsara ko ta huhu. Lokacin da ciwo zai bayyana, wa zai tuna da kududdufin da ke bayan gari? Sai a ce sammu ne, ko gado. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, bai kamata a sha wahalar fahimtar da mu cewa abin da ido ya raina yana kisa ba.

Amma bari in ba ku labarin da zai faranta muku rai, don kada ku ce na zo da son kai. A ranar 2 ga Fabrairu, 2014, wani tsohon bututun ruwan sama da ya ratsa ta ƙarƙashin kududdufin tokar kamfanin Duke Energy a garin Eden, jihar Karolaina ta Arewa, ya fashe, tan 39,000 na toka suka shiga kogin Dan. A shekara mai bi kamfanin ya amsa laifin karya dokar tsabtar ruwa a kotun tarayya, aka ɗora masa dala miliyan 102. Jihar ta sa aka gwada rijiyoyin da ke kusa da tashoshinsa, a 2015 ɗaruruwan gidaje suka samu wasiƙar hukuma cewa kada su sha ruwansu, saboda wani mugun nau'in kuromiyom da kuma banadiyom. Mutane suka koma girki da wanke baki da ruwan roba. A 2016 kuma hukumar ta sake aiko wasiƙa cewa a sha, ba komai. Ruwan bai canja ba, ma'aunin aka canja. Rigima ta kaure, masanin guba na jihar Ken Rudo ya ba da shaida yana sukar matakin, babbar jami'ar nazarin cututtuka ta jihar, Megan Davies, ta ajiye aiki a watan Agusta. Ana cikin haka sai Farfesa Avner Vengosh na Jami'ar Duke da abokan aikinsa suka gwada rijiyoyi na kusa da tashoshi da na nesa, suka gano cewa wannan kuromiyom ɗin akasari daga duwatsun yankin yake fitowa, ba daga toka ba.

To, ku yi tafi. Na ga har Baba ya miƙe tsaye, wani kuma yana raɗa cewa ai jami'ar da kamfanin sunansu ɗaya. Haka ne, dukiyar James B. Duke ce ta kafa kamfanin ta kuma raya jami'ar, amma kada ku yi saurin zargi. Wannan ɗakin binciken dai, a wannan shekarar dai, shi ya bi sawun boron da sitironshiyom, waɗanda na toka ke da tambarin da ya bambanta su da na dutse, a tashoshi 21 cikin jihohi biyar na kudu maso gabashin ƙasar, ya tabbatar kududdufan suna yoyo. Mutumin da ya wanke toka daga laifi ɗaya shi ya kama ta dumu-dumu da wani. In za ku karɓi shaidarsa ta farko, ta biyun ma taku ce, ba a sayen rabin goro a bar wa mai shi rabi. Kuma abin da ya raba gardamar a duka biyun kwalba ce da ɗakin gwaji, babu wanda ya ci nasara da ƙarfin murya.

Saura ɗan kasuwa, wanda tun ɗazu yake lissafi a waya. Shi cewa yake tokar nan dukiya ce, ana zuba ta a siminti. Gaskiyarka, Alhaji. Toka mai laushin nan tana ƙara wa kankare ƙarfi da daɗewa, tana rage yawan simintin da ake buƙata, har a ginin Burj Khalifa na Dubai an yi amfani da ita, kuma yanzu fiye da rabin wadda Amurka ke fitarwa a shekara ana sake sarrafa ta. In ta daskare a cikin kankare, ruwa ba ya samun yadda zai wanko ta da yawa. Amma "amfani" suna ne mai faɗi, ana fakewa a ƙarƙashinsa. A Chesapeake ta jihar Bajiniya an gina filin wasan golf da tan miliyan 1.5 na toka, a tsakiyar unguwar masu shan rijiya, shi ma amfani aka kira shi, aka ƙare a kotu. Na san ku da son banza: ranar da tifa ta tsaya a ƙofar gida aka ce ga ciko kyauta, ba wanda zai tambayi daga ina. Mutanen Pines ma ba su tambaya ba.

Rigimar da ake yi yanzu ta rufe tsofaffin kududdufan ce. Kamfanoni da yawa sun fi son a tsotse ruwan sama-sama, a lulluɓe tokar da leda da ƙasa, a shuka ciyawa, a bar ta inda take. Murfi yana tare ruwan sama, amma in gindin tokar yana zaune cikin ruwan ƙasa, me murfi ya tare? A tashar Barry kusa da Mobile a Alabama, fiye da tan miliyan 20 na kwance a gefen kogi a yankin da guguwar teku ke yawan ziyarta. A 2022 EPA ta fito fili ta ce ba a rufe kududdufi a bar toka tana jiƙe cikin ruwan ƙasa, ta kuma hana tashar Gavin ta jihar Ohayo ƙarin wa'adi. A 2024 ta faɗaɗa dokar ta haɗa da kududdufan tashoshin da suka riga suka daina aiki, waɗanda dokar 2015 ta tsallake. A 2025 sabuwar gwamnati ta ce za ta sake duba ƙa'idojin, ta fara ɗage wa'adi. Shi Duke Energy tun Janairun 2020 ya amince zai tone kusan tan miliyan 80 daga tashoshi shida ya mayar wuraren da aka shimfiɗa wa kariya, aikin shekaru da biliyoyin daloli, aka kuma yi ta jayayya kan wa zai biya, masu hannun jari ko masu biyan kuɗin wuta. Arahar da aka ci a 1960 jikoki ne ke biyanta da ruwa, ruwan kuɗi da na sha.

Na bar babbar gardamarku zuwa ƙarshe, don na san ita kuka ɓoye a aljihu: "Ina ruwanmu? Mu da ko wutar ba mu gani ba, za a dame mu da tokarta?" Wallahi wannan ta fi duk sauran daɗin ji, kuma ba zan ce wa mai kwana cikin duhu da zafi ya ƙi lantarki ba. Sai dai kwal ba baƙonmu ba ne. A Najeriya an gano shi a yankin Inugu tun 1909, tashar Oji River ta fara ƙona shi a 1956, yau ana haƙarsa a Kogi, ana kuma haƙarsa a Maiganga ta jihar Gombe don masana'antar siminti ta Ashaka. A Nijar kamfanin Sonichar yana ƙona kwal ɗin Anu Araren kusa da Cirozerin tun farkon shekarun 1980, yana ba mahaƙar yuraniyom ta Arlit da garin Agadas wuta, ga kuma shirin babbar tasha a Salkadamna ta jihar Tawa da aka daɗe ana magana. Duk lokacin da wuta ta yi wuya, sai an samu mai tasowa da zancen a koma wa kwal. Ba tuhumar kowa nake yi ba. Amma duk tashar da ta ƙona kwal sai ta fitar da toka, tokar nan kuma sai an ajiye ta wani wuri, wurin nan kuma akwai ruwa a ƙarƙashinsa.

Kada Ba'abzine ya ce mini su hamada ce, ba ruwan saman da zai jiƙa toka. Ƙarancin ruwan sama yana rage tsiyaya, wannan haka yake, in dai busasshiya aka ajiye ta, amma sai iska ta karɓi aikin ta kai ƙura hanci da bakin rijiya. Kuma ruwan da ke ƙarƙashin arewacin Nijar tsohuwar ajiya ce ta dubban shekaru, wanda damina ba ta mayar da gurbinsa sai ɗan kaɗan. In Amurka mai dala da lauyoyi da ɗakunan gwaji ta kwashe shekaru tana fama, a dubi Indiya, wadda kwal ɗinta ke da toka kashi 30 zuwa sama da 40 cikin 100, take kuma fitar da fiye da tan miliyan 200 a shekara. A watan Afrilun 2020 jingar tokar tashar Sasan a Singrauli ta ɓalle ta bi ta ƙauye da gonaki, ta kashe mutane, har da yara. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Don haka ban ce ku daina gardama ba, Allah ya kiyaye, da me za ku yi hira? Cewa nake ku kai ta inda za ta yi riba. Ranar da aka tara ku a fadar hakimi ko ta sarkin gari aka ce za a kawo tashar kwal, aka raba lemo, aka yi alkawarin aiki da asibiti, ku bar mai jawabi ya gama, sannan Baba ya miƙe da wannan murmushin nasa ya tambaya: tokar ina za a zuba ta, jiƙaƙƙiya ko busasshiya? Me za a shimfiɗa a ƙarƙashinta, kuma mita nawa ne tsakaninta da ruwa? Ɗan boko ya nemi a gwada rijiyoyin gari tun kafin a ƙona tan na farko, a ba gari kwafin sakamakon ya ajiye, don kada gobe a ce dama can haka ruwanku yake. Hajiya ta tambayi wa zai kwashe in kamfani ya tattara ya tafi. In aka ce muku toka ce kawai, ku ce a rubuta a sa hannu.